Filin Amsa Tambayoyinku: Haraji, Kulle da Bashi a Ƙasashen Tsibirai

Tun da aka sanya hannu a kan sabbin dokokin haraji na tarayya a watan Yunin 2025, wasiƙun da ke zuwa wannan fili daga cikin garin Sakkwato da kewaye sun karkata ga magana ɗaya, wato wa zai biya, nawa zai biya, kuma ina kuɗin za su tafi. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda masu karatu huɗu da ba su san juna ba suka kafa hujja da ƙasashen da teku ya kewaye, kowa da irin labarin da ya ji a rediyo ko ya gani a waya. Na taƙaita wasiƙunsu na haɗa su wuri ɗaya, domin amsar wannan tana haska amsar wancan.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni dillalin dabbobi ne a Kara, kuma tun ina yaro nake jin dattawa suna yi wa waɗanda suka soke jangali addu'a. Kwanan baya na ji wani jami'i a rediyo yana cewa akwai wata ƙasa mai suna Siri Lanka, wadda shugabanta ya rage wa jama'a haraji, sai ƙasar ta durƙushe har shi kansa ya gudu. Shin gaskiya ne, ko kuwa dabara ce ta a sa mu yi shiru mu biya? Ta yaya sauƙaƙa wa talaka zai durƙusar da ƙasa?
Daga wani dillali, Kara.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Labarin gaskiya ne, sai dai rabinsa aka ba ka, kuma rabin da aka bari shi ne ya fi shafar mutum irinka.

Siri Lanka tsibiri ne a kudancin Indiya, mai mutane kimanin miliyan 22, kuma dalar da take samu tana fitowa ne daga ganyen shayi, da ɗinkin tufafi, da baƙi 'yan yawon buɗe ido, da kuɗin da 'ya'yanta masu aikatau a ƙasashen Larabawa suke aikowa gida. A watan Nuwamban 2019 Gotabaya Rajapaksa ya ci zaɓen shugaban ƙasa, kuma cikin 'yan kwanaki ya cika alkawarin da ya yi a lokacin yaƙin neman zaɓe: ya rage harajin sayen kayayyaki, wanda aka fi sani da VAT, daga kashi 15 cikin 100 zuwa kashi 8, ya soke wasu harajin gaba ɗaya, ya rage na kamfanoni, sannan ya ɗaga iyakar kuɗin shigar da ake fara biyan haraji a kai daga rufi (kuɗin ƙasar) dubu 500 zuwa rufi miliyan 3 a shekara. Dubi wannan na ƙarshe da kyau, Alhaji. Mai tsinkar ganyen shayi da mai kamun kifi dama samunsu bai kai a taɓa shi ba, saboda haka wanda ya fi cin moriyar sassaucin shi ne mai babban albashi da mai kamfani. Wannan ya sha bamban da jangali da harajin kai da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke a 1979, domin waɗancan kuɗi ne da ake ɗora wa mutum ko ya samu ko bai samu ba, kuma tun kafin zuwan Turawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙ.

Babban kuskuren shi ne an rage abin da ke shigowa baitulmali ba a rage abin da ke fita ba. Albashin ma'aikata yana nan, kuɗin soja suna nan, ga kuma bashin waje da aka daɗe ana ci, wani don gina tashar jiragen ruwa ta Hambantota da filin jirgin saman Mattala wanda jirage ba su cika sauka a cikinsa ba, mafi girman kaso kuma daga kasuwannin lamuni na duniya masu tsadar ruwa. Ba a yi wata huɗu ba sai ga korona. Baƙi, waɗanda dama sun ja baya tun harin bama-baman ranar Ista na watan Afrilun 2019, suka ɗauke ƙafa ɗungurungum. Masu ba da bashi suka duba littafin gwamnati suka ga kuɗin shigarta sun faɗi zuwa wajen kashi 8 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, sai suka rufe ƙofa. Daga nan gwamnati ta koma cike giɓi ta hanyoyi biyu: babban banki yana buga kuɗi don biyan albashi, ana kuma ɗibar dalar da ke asusun ajiya ana biyan tsohon bashi. A watan Afrilun 2021 ta ƙara da hana shigo da takin zamani a dare ɗaya, ta ce kowa ya koma takin gargajiya, noman shinkafa da na shayi suka faɗi, kuma ko da aka janye dokar a ƙarshen shekarar aikin gama ya riga ya gama.

Abin da ya biyo baya na so ka kwatanta shi a ranka. A farkon 2022 ana ɗauke wuta har awa 13 a rana. An ɗage jarrabawar ɗaliban makarantu saboda babu dalar sayo takardar da za a buga tambayoyi. A Kolombo, babban birnin kasuwancin ƙasar, mutane suna jera tukwanen gas a bakin titi suna kwana a gefensu, masu motocin haya suna kwanaki a layin mai, har wasu tsofaffi suka faɗi suka mutu a kan layi. Asusun ajiyar da ya haura dala biliyan 7 a ƙarshen 2019 ya ƙare, har ministan kuɗi ya shaida wa majalisa a watan Mayun 2022 cewa abin da za a iya taɓawa bai kai dala miliyan 50 ba. A watan Afrilun shekarar ƙasar ta sanar da dakatar da biyan bashin waje, karo na farko tun samun 'yancinta. Ranar 9 ga Yuli jama'a suka kutsa fadar shugaban ƙasa, bayan kwana huɗu ya tsere zuwa Maldibs, daga can ya wuce Singafo ya aiko da takardar murabus. Hauhawar farashi ta kai wajen kashi 70 cikin 100 a watan Satumba.

To, ga rabin da jami'in rediyon bai faɗa maka ba. Da aka je neman ceto wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda ya amince da rancen kusan dala biliyan 3 a watan Maris na 2023, harajin kayayyakin nan da aka sauke zuwa kashi 8 ya hau zuwa 12, ya koma 15, sannan a watan Janairun 2024 ya kai 18, wato ya zarce inda yake tun farko. Sassaucin da masu hali suka mora na shekara biyu, talaka ne ya biya shi sau biyu, da farko ta tsadar shinkafa da kananzir, sannan ta harajin da ke kan duk abin da ya saya. A watan Nuwamban 2023 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci cewa Gotabaya da 'yan'uwansa biyu da wasu manyan jami'an kuɗi suna da alhakin abin da ya faru, a zaɓen Satumban 2024 kuma jama'a suka juya wa tsofaffin jam'iyyu baya suka zaɓi Anura Kumara Dissanayake. Saboda haka labarin Siri Lanka ba hujja ba ce ta ka yi shiru. Hujja ce ta ka riƙa yin tambaya biyu duk lokacin da aka ce an rage ko an ƙara haraji: a wuyan wa aka sauke, kuma da me za a cike gurbin.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malamar firamare ce. A lokacin korona mun yi ta jin ana yabon wata shugaba mace a Niyu Zilan, ana cewa ta rufe ƙasarta ta tsirar da mutanenta, gwamnati kuma tana biyan mutane suna zaune a gida. Mu nan an rufe makarantu wata da watanni, 'yan'uwanmu masu koyarwa a makarantu masu zaman kansu ko kwabo ba su gani ba. Me ya hana a yi mana irin nasu? Kuma idan ta yi abin kirki, me ya sa na ji daga baya ta sauka?
Daga wata malama, Arkilla.

AMSA: Malama, barka kadai, Allah ya saka muku da alheri a kan tarbiyyar 'ya'yanmu. Shugabar da kike nufi ita ce Jacinda Ardern, kuma yabon da kika ji yana da tushe. Ta rufe iyakokin ƙasar ga baƙi a watan Maris na 2020, ta sanya dokar kulle mai tsanani daga ranar 25 ga watan, kuma har zuwa ƙarshen 2021 waɗanda cutar ta kashe a ƙasar mai mutane miliyan 5 ba su wuce kimanin 50 ba. Ita da ministocinta sun yanke kashi 20 cikin 100 na albashinsu har wata shida, abin da bai taka kara ya karya ba a lissafin baitulmali, amma ya yi nauyi a zukatan mutanen da aka ce su zauna a gida.

Abu biyu suka sa hakan ya yiwu, kuma ba mu da ko ɗaya. Na farko shi ne teku. Wanda zai shiga Niyu Zilan dole ya biyo ta filin jirgin sama ko tashar jirgin ruwa, saboda haka rufe ƙasa yana nufin rufe ƙofofi ƙalilan. Na je Illela a daminar 2020, lokacin iyakarmu da Nijar tana rufe tun watan Agustan 2019, kuma ba a buɗe ta ba sai Disamban 2020. Abin da na gani shi ne 'yan dako suna kwance a inuwar manyan motocin da suka daɗe ba su motsa ba, mai shayi yana nuna mini littafin bashinsa da ya cika har bango, a bayan gari kuma babura suna ta bin hanyoyin gonaki zuwa Ƙonni ɗauke da mutane da buhuna, domin mai gona a can da mai suruki a nan ba su san wata iyaka ba. An tsayar da cinikin da ke biyan kuɗin fito, wanda ba ya biya kuma yana tafiya.

Na biyu shi ne rumbu. Kafin annoba gwamnatin Niyu Zilan tana tara harajin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ƙasar ke samarwa, alhali namu a Nijeriya yana wajen kashi ɗaya cikin goma, kuma bashin da ake bin ta ya yi ƙasa, kimanin kashi 20 cikin 100. Shi ya sa a kasafin Mayun 2020 ta iya ware dalar ƙasar biliyan 50 don yaƙi da annoba, ta riƙa ba masu kamfanoni da shaguna dala 585 da 'yan kai a mako a kan kowane cikakken ma'aikaci, bisa sharaɗin kada su sallame shi. Ta kuma san sunan kowane ma'aikaci da asusunsa, saboda kowa yana cikin rajistar haraji. Malamin makaranta mai zaman kanta a Mabera ko Runjin Sambo ba ya cikin wata rajista da gwamnati za ta bi ta same shi, kuma na san kin tuna yadda aka fasa rumbunan kayan tallafi a jihohi da dama a watan Oktoban 2020, aka tarar da abincin da aka tara domin mutanen da kulle ya hana nema yana jibge.

Game da saukarta, ki sani jama'arta sun fara saka mata tukuna, domin a zaɓen Oktoban 2020 jam'iyyarta ta Leba ta samu rinjayen da ya ba ta damar kafa gwamnati ita kaɗai. Daga baya ne lissafi ya fara zuwa. An kafa sabon harajin kashi 39 cikin 100 a kan abin da ya haura dala dubu 180 a shekara daga Afrilun 2021. Birnin Okland ya sha kulle na fiye da kwana 100 a ƙarshen shekarar. 'Yan ƙasar da ke waje suna neman gurbin killacewa ta hanyar ƙuri'a a intanet, wasu iyayensu suka rasu ba su samu dawowa ba, har babbar kotu ta ce a 2022 tsarin ya tauye haƙƙin ɗan ƙasa na komawa gida. An wajabta wa malamai da ma'aikatan lafiya rigakafi, wanda ya ƙi ya rasa aikinsa, sai masu adawa suka kafa tantuna a harabar majalisa a Welintan fiye da mako uku, har 'yan sanda suka tashe su ranar 2 ga Maris 2022. Kuɗin da aka zuba a kasuwa da rahusar ruwan bashi sun tayar da farashin gidaje, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 7 cikin 100 a tsakiyar 2022. Ta yi murabus da kanta a Janairun 2023, a watan Oktoba jam'iyyarta ta sha kaye a hannun Christopher Luxon, wanda ya yi alkawarin rage haraji da rage ma'aikatan gwamnati, kuma ya aikata. A ganina ta yi daidai a shekarar farko, lokacin da babu rigakafi kuma ba a san cutar ba, amma ta yi jinkirin sauraron waɗanda tsarin ya ƙuntata wa bayan haɗarin ya ragu. Har yau mutanen ƙasar suna gardama a kan ko an kashe kuɗi fiye da kima, sai dai gardama ce ta masu rai da suka ga inda kuɗinsu suka tafi.

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibin ilimi ne a wani zaure kusa da Hubbare. Mun ji cewa a wani tsibiri an riƙa ƙona gawarwakin Musulmi da sunan korona. Idan haka ne, ashe waɗanda suka ce dokokin annoba makirci ne a kan addini ba su yi ƙarya ba?
Daga wani almajiri, Ƙofar Rini.

AMSA: Allah ya ƙara mana sani baki ɗaya, Malam. Abin ya faru, kuma a Siri Lankan nan ne da muka yi magana a kanta, inda Musulmi suke kimanin kashi 10 cikin 100 na jama'a. A watan Afrilun 2020 gwamnati ta fitar da doka cewa duk wanda korona ta kashe sai an ƙona gawarsa, bisa da'awar cewa binnewa za ta gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun farko cewa binnewa ba ta da laifi, kuma kusan duk ƙasashen duniya suna binne matattunsu. Musulmi da Kiristoci suka kai ƙara Kotun Ƙoli ta yi watsi da ita. A watan Disamban 2020 aka ƙona gawar jariri ɗan kwana 20 ba da yardar iyayensa ba, mutane daga addinai dabam-dabam suka riƙa zuwa suna ɗaura ƙyallen farin yadi a jikin shingen wurin ƙona gawa a Kolombo. Wasu iyalai sun ƙi karɓar tokar, sun kuma ƙi biyan kuɗin akwatin da aka nema daga gare su. Maƙwabciyarsu Maldibs, wadda ƙasar Musulmi ce, ta ce tana duba yiwuwar a kai mata gawarwakin ta binne, amma Musulmin Siri Lanka da yawa suka ce a ƙasar haihuwarsu suke so a rufe su. Sai a Fabrairun 2021 aka janye dokar, aka keɓe maƙabarta a Oddamawadi da ke gabashin ƙasar, a watan Yulin 2024 kuma gwamnati ta nemi gafara a hukumance.

Wannan zalunci ne, kuma ba na neman wata kalma mai laushi da zan kira shi da ita. Amma ka lura cewa abin da ya sa ya zama zalunci shi ne ya saɓa wa ilimin likitanci kamar yadda ya saɓa wa addini, saboda haka ba za a ɗauke shi a shafa wa duk wata dokar annoba ba. Ka fi ni sanin hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, wanda ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla da fita daga cikinsa, da yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham, ya ce suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ga ƙaddarar Allah. Tsibiran da suka rufe ƙofofinsu da wuri, irin su Samowa wadda ƙyanda ta kashe mata mutum 83 a 2019, akasarinsu yara, ba su yi wani abu da ya fita daga wannan ma'ana ba.

Illar abin da Siri Lanka ta yi ba ta tsaya ga mamata ba. Shugabannin Musulmin ƙasar sun koka cewa marasa lafiya suna ɓoyewa a gida don tsoron kada su mutu a asibiti a ƙona su, wanda ke nufin dokar da aka ce an yi don hana yaɗuwar cuta ta taimaka wa cutar. Mu a Arewa mun san wannan ciwo, domin mun ga yadda rashin yarda ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, da irin shekarun da sarakuna da malamai, ciki har da fadar Sarkin Musulmi, suka shafe suna gyara abin da ya ɓaci.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne mai karatun tattalin arziki a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Na lura a rubuce-rubucenka kana yawan kare haraji. Amma ƙananan tsibirai kamar Maldibs da Fiji da Barbados ba su da jama'ar da za su tatsa, kuma sun fita daga annoba. Wannan bai nuna cewa ƙasa tana iya rayuwa ba tare da matsa wa 'yan ƙasa ba?
Daga wani ɗalibi, Dundaye.

AMSA: Ƙanena, na gode da wannan gyara, kuma ina so ka ci gaba da irin wannan bibiya. Sai dai ka sake duba yadda suka fita. Maldibs tana da mutane kimanin rabin miliyan da tsibirai kusan 1,200, kuma ta karɓi baƙi miliyan 1.7 a 2019. Da jirage suka tsaya, tattalin arzikinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a 2020, wanda yana cikin mafi muni a duniya. Ba ta da rumbun Niyu Zilan, saboda haka ba ta iya dogon kulle ba, ta buɗe wa baƙi ƙofa tun ranar 15 ga Yulin 2020, ta dogara da cewa kowane otal yana kan tsibirinsa shi kaɗai, nesa da inda 'yan ƙasa suke zaune. Dabarar ta yi aiki, amma bashi ya taru, kuma a Janairun 2023 ta ƙara harajin da baƙi ke biya daga kashi 12 zuwa 16, ta kuma ƙara na 'yan ƙasa daga 6 zuwa 8. Ka ga ko ita ba ta bar nata ba.

Fiji ta fi ba da tausayi. Arzikinta ya ragu da kimanin kashi 17 cikin 100 a 2020, kuma babban ɓangare na tallafin da ma'aikatan otal suka samu ya fito ne daga asusun fanshonsu, wato an ba su izinin cin guzurin tsufansu tun suna da ƙarfi. Bashin gwamnati ya kai wajen kashi 90 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa, sabuwar gwamnatin da ta hau a ƙarshen 2022 kuma ta ɗaga harajin kayayyaki daga kashi 9 zuwa 15 a watan Agustan 2023, ta bar wasu kayan abinci na yau da kullum ba haraji, duk da haka mutane suka yi ta kuka da tsadar rayuwa.

Wadda na fi so ka yi nazari a kanta ita ce Barbados a ƙarƙashin Firaminista Mia Mottley. A 2020 ta ƙirƙiro bizar shekara ɗaya ga baƙin da ke aiki ta intanet, domin su zo su zauna su kashe kuɗinsu a tsibirin. A 2022 ta ɗora wani haraji na wucin gadi don biyan kuɗin annoba, ta ɗora shi a kan bankuna da kamfanonin sadarwa da na inshora da na mai, waɗanda suka ci riba lokacin da kowa ke asara, da kuma masu babban albashi, ta faɗi ranar farawa da ranar ƙarewa. Tun a gyaran bashin da ta fara a 2018 ta sa an rubuta sharaɗin cewa idan bala'i irin na guguwa ya auku za a dakatar da biya na wani lokaci, daga baya kuma ta ɗauki wannan magana zuwa tarukan duniya a ƙarƙashin shirin da ake kira da sunan babban birninta, Birijtawun, tana cewa ƙaramar ƙasar da guguwa ɗaya za ta iya share mata arzikin shekara bai kamata a ba ta bashi da sharuɗɗan da ake ba manya ba.

Game da zargin da ka yi mini, abin da nake karewa ba kowane haraji ba ne. Wani ɗan'uwana yana kawo albasa daga ƙauye zuwa cikin gari, kuma ya taɓa zazzage mini aljihunsa a kan tabarma: tikiti biyar masu launi dabam-dabam na rana ɗaya, biyu daga ciki babu ko hatimi, ga kuma abin da ya bayar a hanya wanda ba a ba da takarda a kansa. Wannan mutumin yana biya fiye da wasu masu benaye, kuma bai taɓa ganin kwalbatin da aka gina da kuɗinsa ba. Sabuwar dokar tarayya ta ce wanda samunsa bai wuce naira dubu 800 a shekara ba babu harajin kuɗin shiga a kansa, amma tikitin bakin kasuwa da na kan hanya suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi, kuma a nan ne nake so ku ɗalibai ku sa ido. Idan kana neman abin da za ka rubuta kundin kammala karatunka a kai, ka ɗauki littafi ka zauna a Kara ko a Illela na mako biyu, ka rubuta kowane tikiti da ake yanka wa mai mota ɗaya daga gona zuwa kasuwa, sannan ka nemi kasafin kuɗin jiha na shekarar ka duba nawa aka ce an tara daga wannan fanni. In ka gama ka aiko mini da abin da ka samu, zan ba shi wuri a wannan fili.